Shekara 80 da Sabon Faifai: Me Rolling Stones Suke Nema?

Mutumin da kuke gani yana kai-komo a kan dandamali shi ne Mick Jagger, wanda aka haifa a watan Yulin 1943. A ranar 20 ga Oktoba, 2023, yana da shekara 80 a duniya, shi da abokan kiɗansa na ƙungiyar kiɗan rok ta Rolling Stones suka fitar da faifai mai suna Hackney Diamonds, wanda rabonsu da irinsa, mai ɗauke da sababbin waƙoƙin da suka rubuta da kansu, tun 2005. Duk lokacin da aka yaɗa guntun bidiyonsu, tambaya ɗaya ce take dawowa a ƙarƙashinsa: dattawan nan ba su ƙoshi da kuɗi ba ne, da har yanzu suke yin sabuwar waƙa?

Tarihinsu a gurguje: a Landan aka kafa ƙungiyar a 1962. Jagger ne mawaƙi, Keith Richards yana kaɗa jita, Ronnie Wood ya shigo a 1975, Charlie Watts kuma ya riƙe ganga daga 1963 har rasuwarsa a watan Agustan 2021.

Yanzu mu tsaya a kan batun kuɗin, domin a nan ne mutane da yawa suke kuskure lissafi. A shekarun 1970, wanda yake son waƙa sai ya je kanti ya sayi faifai, kuma yawon wasan da makaɗa suke yi gari-gari yana taimaka wa cinikin faifan ne. Yau abin ya juye. Mai sauraro yana buɗe manhaja irin su Spotify a wayarsa, kuma abin da ake biya a kan saurare ɗaya bai kai santi guda na dalar Amurka ba, shi ɗin ma sai an raba shi tsakanin kamfani da marubuta da makaɗa. Sannan idan mutum ya nemi Rolling Stones a wayar tasa, hannunsa ya fi zuwa kan waƙoƙin da ya tashi da su, irin su Paint It Black ta 1966, ba kasafai yake bi ta kan sababbin ba.

Ku dubi wannan fili da ya cika maƙil da jama'a. Kuɗin yana nan. Yawon wasan da suka yi daga 2005 zuwa 2007 ya tara kusan dala miliyan 558, wanda a lokacin ba a taɓa samun irinsa ba. Daga 2005 suka yi shekara goma sha takwas ba su sake fitar da cikakken faifai na sababbin waƙoƙinsu ba, amma filayen ƙwallo ba su daina cika ba a Turai da Amurka, tikiti kuma bai yi araha ba. Akwai ma wani abin da ba kowa ya sani ba: haƙƙin mallakar faya-fayansu na shekarun 1960 yana hannun kamfanin ABKCO ne, wanda tsohon manajansu Allen Klein ya kafa, abin da ya ƙara wa dandamali muhimmanci a wurinsu. Saboda haka, da kuɗi kaɗai suke nema, da hanya mafi sauƙi ita ce su rufe ɗakin naɗar waƙa, su ci gaba da rera abin da jama'a suka haddace. Sabon faifai yana cin lokaci da ƙarfi, yana kuma jefa sunan da suka gina cikin shekara sittin a bakin masu suka.

To, idan ba kuɗi ba ne, ya dace su ci gaba? Masu cewa bai dace ba suna da hujja, kuma ina ganin nauyinta. Suna cewa da tsohuwar zuma ake magani: wanda ya biya tikiti mai tsada ya zo ne ya ji waƙar ƙuruciyarsa. A yawon da suka yi a Arewacin Amurka a 2024, waƙoƙi uku ko huɗu ne daga sabon faifan suke shiga cikin kusan ashirin da suke yi a dare guda, sauran duk tsofaffi ne. Suna kuma kawo misalin mawaƙin Amurka Billy Joel, wanda ya daina fitar da faifan sababbin waƙoƙi tun 1993, amma ya shekara goma, daga 2014 zuwa 2024, yana cika zauren Madison Square Garden da ke New York kusan kowane wata.

Duk da haka, ni ina tare da masu cewa su ci gaba, kuma dalilina yana cikin faifan kansa. Ƙungiyar da ta daina rubuta waƙa takan koma mai gadin kayan tarihinta, tana maimaita abin da samari suka yi a 1968 da hannuwan da suka tsufa. Zama a ɗaki ɗaya a yi gardama a kan baiti, a jefar da wata waƙa a riƙe wata, shi ne aikin da ya haɗa mutanen nan tun farko.

Ku saurari gangar da ke tashi yanzu. Charlie Watts ne, ko da yake faifan ya fito shekara biyu bayan rasuwarsa. Wasu sun ɗauka kwamfuta ce ta kwaikwaye shi, wataƙila domin a wannan kakar ce 'yan tsohuwar ƙungiyar Beatles suka fitar da waƙar da aka yi amfani da fasahar zamani wajen tace muryar marigayi mawaƙinsu John Lennon daga wani tsohon kaset. Na Watts ya fi wannan sauƙi. A 2019 ya buga gangarsa a ɗakin naɗa, kuma tunda kowane kayan kiɗa ana naɗe shi ne a layinsa daban, sai aka adana nasa, aka ɗora sauran a kai daga baya. Waƙoƙi biyu ne suke ɗauke da bugunsa. A ɗaya daga cikinsu, Live by the Sword, sun kira Bill Wyman, wanda ya bar ƙungiyar tun 1993, ya zo da shekarunsa tamanin da 'yan kai ya kaɗa jitar bas a kan bugun abokinsa da ya riga mu gidan gaskiya. Da sun rufe ɗakin naɗa, da wannan bugu yana nan a ajiye, babu wanda ya ji shi.

Amma ina da sharaɗi, wato su riƙa taƙaitawa. Faifan 2005 waƙoƙi goma sha shida ne, ya haura awa guda, kuma a kunnena ya yi tsawo. Na 2023 goma sha biyu ne, kusan minti 48. Jagger ya sa wa'adin kammalawa, suka kuma ɗauko furodusa Andrew Watt, wanda aka haifa a 1990, wato sa'an 'ya'yansu. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, sannan a farkon 2025 ya ci kyautar Grammy ta faifan rok mafi kyau.

Wannan kuma tashar jirgin ƙasa ce ta Dartford, kudu maso gabas da Landan. A nan ne, a watan Oktoban 1961, Richards ya ga Jagger riƙe da faya-fayan mawaƙan Amurka Chuck Berry da Muddy Waters a hammata, hira ta ɓarke tsakaninsu a cikin jirgi. Daga wata waƙar Muddy Waters ɗin ƙungiyar ta samo sunanta, amma sai a wannan faifai suka fitar da ita a karon farko. Ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma mutum biyu ne kawai a cikinta: Richards da jitarsa, Jagger kuma yana rerawa yana busa hamonika.