Lacca: Ɗan aiken da ke kai maganin itace har ƙofar sankara

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zuwa.

Bari in fara da wata bishiya da ake samu a dazuzzukan yammacin Amurka, masana na kiranta Taxus brevifolia. Daga ɓawonta Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace sinadarin paclitaxel, suka bayyana tsarinsa a 1971. A 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Yana hana ƙwayar sankara rabuwa biyu. Magani kam ya yi magani.

To ina matsalar? Ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa galibinsa ruwa ne. Dole aka riƙa narkar da shi a wani mai da ake sarrafawa daga man zurma, wannan man kuma shi ke tayar wa wasu da borin jini, numfashi ya sarƙe. Sai an fara ba majinyaciya maganin kariya, sannan ta kwanta awa 3 ana ƙara mata ruwa. Kun ga, ba maganin kaɗai ke wahalar da ita ba, har da mazubinsa.

Nan fasahar nano ta shigo, wato fasahar sarrafa abubuwa ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, waɗanda ake aunawa da ma'aunin nanomita. Ku ciri gashin kanku guda ɗaya ku duba: kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000. To, aka ɗaure paclitaxel da albumin, furotin ɗin da dama can yana cikin jininmu, aka yi ƙwayoyi masu girman nanomita 130. Shi ne Abraxane, wanda aka amince da shi a 2005 don sankarar mama. Babu man nan, ƙarin ruwan kuma ya koma minti 30.

Me ya sa ake son ƙanƙanta haka? A 1986 wasu Japanawa biyu, Matsumura da Maeda, suka nuna cewa hanyoyin jinin da ƙari ke yi wa kansa ginin gaggawa ne, duk yoyo, kamar tsohuwar randa. Ƙananan ƙwayoyi na zurarewa ta nan su taru.

Amma kada mu yi saurin tafi. Wani nazari na 2016 ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye, ya gano kashi 0.7 cikin 100 na ƙwayoyin nano da aka sa musu a jiki ne kacal ke isa ƙarin sankarar. Sauran mafi yawa hanta da saifa ke tarewa. Ni a ganina, abin da nano ta fi yi zuwa yanzu shi ne rage wa majinyaci wahala, ba ninka ƙarfin magani ba.

Kafin mu shigo wani ya tare ni da zancen kurkum, wai ko yana maganin sankara. E, akwai wani sinadari mai suna curcumin a cikinsa, kuma yana kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji. Amma in ka sha, ɗan kaɗan ke ratsa hanji, hanta kuma ta yi maza ta fitar da shi. Shi ya sa ake ta ƙoƙarin ɗura shi a mazubin nano, har yau kuwa bai zama maganin sankara da aka amince da shi ba.

Na ga hannu can baya. Hajiya, bismillah.