Ramin Wahba: Inda Sauka Ke Zuwa Kafin Hawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina, da duk wanda wannan bidiyo ya iske shi a wani gari.

Wannan da kuke gani ta sama ba tafki ba ne, farin da ke tsakiyarsa kuma ba ƙanƙara ba ce. Rami ne a yammacin Saudiyya, sunansa Wahba. Faɗinsa ya kai kilomita 2, zurfinsa kimanin mita 250. Yana gefen wani baƙin fili na duwatsu da ake kira Harrat Kishb, wajen kilomita 250 daga Ɗa'ifa idan aka miƙi hanyar Riyad. Da sanyi ya kama, za ka ji samari a unguwannin Shara Mansur ko Hindawiyya suna harhaɗa kuɗin mai, wai a tafi kashta, wato fita shan iska a daji, zuwa Wahba daren Alhamis. Tafiya ce da ta cancanci kuɗin man. Sai dai wurin yana da wani hali da babu shi a duwatsun da muka saba hawa, kuma halin nan ne ke jefa mutane a wahala. Amma tukuna, me ya haƙa shi?

Mutanen ƙauyukan da ke kusa suna ce masa Maƙla'u Ɗamiyya, kuma suna da labarinsu. Wai a da akwai wani dutse a nan, mace, ana ce mata Ɗamiyya. Wani dare aka yi walƙiya, hasken ya nuna mata wani dutse can a Najadu mai suna Ƙaɗan. So ya kama ta, ta tumɓuke kanta daga ƙasa ta nufi wajensa, ta bar wannan wawakeken gurbi. Duwatsun biyu suna nan har yau a yankin Ƙasim, kowa na iya zuwa ya gani. Tatsuniya ce, amma wanda ya ƙirƙire ta ya lura da kyau: ramin ya yi kama da wurin da aka cire wani abu daga ciki da ƙarfin tsiya.

An daɗe kuma ana cewa wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya. Irin wannan ya taɓa faruwa a ƙasar nan, amma ba a nan ba. Can cikin hamadar Rub'ul Khali ne, a wurin da ake kira Wabar, wanda wani Bature matafiyi mai suna Philby ya isa a 1932. Ɓallin ƙarfen da aka ɗauko daga can, mai nauyin sama da tan 2, yana gidan tarihi na ƙasa a Riyad. Shi Wahba daga ƙasa aka buge shi, ba daga sama ba.

Ga yadda abin yake. Tsibirin Larabawa yana janyewa daga Afirka a hankali, santimita ɗaya da 'yan kai a shekara, kuma wannan janyewa ce ta buɗe Bahar Maliya. Ƙarƙashin yammacin Saudiyya ƙasa tana da tsagogi, narkakken dutse yana bin su yana tasowa. Inda ya samu hanya salin alin, sai ya malalo ya bushe ya zama baƙin filin nan da Larabawa ke kira harra. Mutanen Madina sun san ta, gabas da yamma ita ce ta kewaye su. A shekarar 654 bayan Hijira, wato 1256, wuta ta ɓarke kudu maso gabas da Madina, ta yi kusan kwana 52, narkakken dutse ya yi tafiyar kilomita 23. Malaman tarihi sun rubuta cewa an hango haskenta daga nesa ƙwarai, kuma da yawansu sun danganta ta da hadisin wutar da za ta fito daga ƙasar Hijaz ta haska wuyan raƙuma a Busra ta ƙasar Sham. A 2009 ma, ƙasa ta yi ta girgiza a Al-Is, arewa maso yamma da Madina, har aka kwashe dubban mutane daga gidajensu. Ƙasar nan ba ta gama motsi ba.

To a Wahba, narkakken dutsen bai samu hanya salin alin ba. Yana tasowa da zafin da ya haura digiri 1,000, sai ya ci karo da ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Duk wadda ta taɓa suyar ƙosai ta san abin da ɗigon ruwa ke yi idan ya faɗa tafasasshen mai. Ruwa in ya zama tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na inda yake a da, a nan kuwa ga dutse ya danne shi ta ko'ina. Sai ya fashe, ya sake fashewa, ya yi ta watso da ƙasa da duwatsu sama har aka samu wannan rami. Masana duwatsu sun ƙiyasta shekarunsa da miliyan ɗaya da ɗoriya. Ku dubi bangon nan da kyau. Ƙasa-ƙasa tsohon dutse ne na asalin tsibirin, a kansa ga baƙin shimfiɗen harra, can sama kuma ga toka da tsakuwa da fashewar ta zubar, hawa-hawa.

Farin da ke ƙasa gishiri ne. Ramin ba shi da mafita, duk ruwan saman da ya gangaro yana ɗauke da gishirin duwatsu, ya taru, rana ta shanye ruwan ta bar gishirin. Bayan ruwan sama yakan zama ɗan tafki. Ta gefen arewa kuma, inda ruwa ke tsattsafowa daga bango, za ku hango koren dabino da ragowar gonakin da mutane suka taɓa nomawa.

Yanzu ga halin da na ce muku. Wanda ya taɓa hawa Jabalun Nur zuwa kogon Hira, ko Jabalu Saur, ya san tsarin: wahala tana gaba, sauƙi yana baya. Kana da ƙarfinka, gorarka cike, sannan kake hawa. In ka ji numfashi ya gaza a rabi, sai ka zauna, ka ce na haƙura, ka juyo, gangara ta kawo ka gida. Dutse yana ba ka damar fasawa. Rami ba ya bayarwa. A Wahba da sauka ake farawa, ana hira ana dariya ana ɗaukar hoto, ƙafa tana tafiya da kanta. Sai ka taka gishirin nan ka ɗaga kai, a sannan za ka ga bashin da ka ci. Mita 250 a tsaye, kusan irin hawan Jabalun Nur, amma babu matakala irin tasa, babu mai sayar da ruwa da shayi a hanya, babu rumfa. Kuma lokacin biyan bashin ya zo daidai da lokacin da rana ta take, ruwa ya yi rabi, gwiwa ta riga ta sha jijjiga. Hawan yakan ci ninki biyu na lokacin saukar, ko fiye.

Ƙasan ramin kuma ya fi bakinsa zafi. Iskar da ke kaɗa ka a sama ba ta sauka can. Farin gishiri yana maido da rana a fuska, baƙin dutse yana riƙe zafi. Ido ma yana yaudara a nan, domin babu mota ko gida da za ka auna girma da shi. Abin da ka ɗauka tafiyar minti biyar ce sai ka yi ta tafiya bai zo ba. Mutane da dama sun maƙale a ciki sai da jami'an ceto na Difa'ul Madani suka zo suka fito da su.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Mafi yawanmu bakin ramin ya ishe mu. An yi wurin tsayawa da rumfuna, kallo daga can ya fi kyau ma, musamman da hantsi ko gab da magariba. Mai son motsa jiki ya zagaya bakin, tafiyar awa biyu zuwa uku ce, ba tare da ya matsa gaɓa ba, don tokar gefen tana zabtarewa. In kuka tarar da allon hana sauka ko shinge, magana ta ƙare, kada wani ya ce ai wane ya sauka bara. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon gwiwa, da Baba Alhaji da aka ɗauko don ya sha iska, su zauna a sama su kula da shayi.

In an halatta sauka kuma kun ƙudurta, to daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinta, kuma da an idar da sallar asuba, gari ya fara wayewa. Hanyar da mutane ke bi ita kaɗai ce hanya. Bangon yana da wuraren da daga sama suke kama da gangara mai sauƙi, sai ka yi nisa ka tarar da gaɓa a tsaye, gaba ba dama baya ba dama. Silifa da jallabiya a bar su a mota. Takalmi mai kama ƙasa, wando, hula mai baki, da hannu biyu a sake, kaya a jakar baya. Dutsen harra kaifi gare shi, faɗuwa ɗaya tana yanka tafin hannu.

Ruwa shi ne lissafin gaba ɗaya. Mai aikin ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya. Kowa ya ɗauki nasa, lita 3 zuwa 4, kada a ce wane ne mai ɗaukar ruwan jama'a, don in aka rabu an rabu da ruwan. Ga ƙa'idar da ta dace da rami: kashi ɗaya cikin uku na sauka, kashi biyu na hawa. Da kason farko ya ƙare, ko ina kake, juyo. A haɗa da dabino da wani abu mai gishiri, domin gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba. Kuma ku riƙa duban juna. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiya, waɗannan gargaɗi ne, a zauna a inuwa a sha ruwa. Amma in ɗan uwa ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, ko ya daina gane inda yake, zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa ke nan. A jiƙa shi, a yi masa fifita, a nemi agaji nan take. A yankin Makka lambar ita ce 911. Sai dai waya ba abin dogaro ba ce a ƙasan rami, shi ya sa dole mutum ɗaya ya zauna a sama, ya san ƙarfe nawa ya kamata ku fito, a gida ma a san inda kuka nufa. Kada kuma a yarda da ɓawon gishirin in an yi ruwa kwanan nan, ƙarƙashinsa taɓo ne.

Wani abu da ke jan samari a wannan yanki shi ne tsoffin ramukan zinariya. Arewa da Wahba akwai Mahdu Zahab, wadda a littattafan da ake kira Ma'adinin Bani Sulaim, zango ce a hanyar Zubaida da alhazan Iraƙi ke bi. An haƙi zinariya a can tun kusan shekara 3,000 da suka wuce, aka haƙa a zamanin Abbasiyawa, wani kamfani ya sake buɗe ta daga 1939 zuwa 1954, aka kuma dawo da aiki a 1988. Ita wannan wurin aiki ce mai tsaro, ba a shiga. Amma a duwatsun Hijaz da Najadu akwai ɗaruruwan ƙananan ramuka da aka bari ba mai gadi. Waɗannan a tsaya daga baki. Masu haƙar rijiya a ƙasar Hausa sun san dalili: kafin su shiga tsohuwar rijiya sukan zura fitila, in ta mutu ba mai sauka. Iskar da ta daɗe a kulle tana iya rasa abin da ke riƙe rai, ba wari, ba alama, mutum yana tafe sai ya zube, wanda ya bi shi don ceto shi ma ya zube. Ga rijiyoyin da ke tsakiyar hanya cikin duhu, ga rufi mai jiran a taɓa shi. Ƙurar wurin ma ba ta da amana, wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ba ya kwaso ƙasar ma'adini ya kai gida. Haƙa ba lasisi kuma laifi ne a dokar Saudiyya.

Sauran maganar ta kwana ce. Dare a harra sanyi gare shi na gaske, a zo da bargo. Kada a kafa tanti a cikin kwari komai laushin yashinsa, ruwan da aka yi can nesa yana iya isowa ba ku ga hadari ba, mutanen Jidda ba su manta ambaliyar Nuwamban 2009 ba. Gawayin tsire a sayo shi daga gari, saran itacen daji akwai tara. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Shara a ɗaure ta a dawo da ita.

Sannan direba. Daga Jidda tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce, a cika tanki kafin a bar babbar hanya, a duba tayar safaya. Wanda ya sauka rami ya hau ba shi ne zai ja mota ba, a bar wa wanda ya wuni a sama. Kuma a yi ƙoƙari a fito babbar hanya kafin duhu, domin ƙaramar hanyar nan raƙuma suna tsallaka ta, fitilar mota kuwa ƙafafunsu kawai take nunawa, shi ma sai an zo daf.