Jawabin Maraba Ga Mai Martaba a Gidan Majalisar Dokoki, Yamai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. A madadin ma'aikatan wannan gida, ina yi maka barka da zuwa Yamai, kai da hakimai da dogarai da duk 'yan rakiya. Mun ji ta mota kuka biyo, daga Birnin Ƙonni zuwa Dogondutsi, ku ratsa Doso. Wanda ya san wannan hanya ba zai tambaye ku gajiya sau ɗaya ba. Sannunku da hanya.

Ranka ya daɗe, gidan da ka shigo ba ya da tsufan fadarka, garin ma kansa yaro ne a sarauta. Sai a 1926 Nasara suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kawo shi bakin kogin nan. Amma a Yamai aka yanke wa Nijar cibiya. Ranar 18 ga Disamban 1958 majalisa mai kujeru 60 ta shelanta Jamhuriya, Bubu Hama ya zama shugaban majalisar, ya riƙe ta har juyin mulkin 1974. Diori Hamani ya karɓi gwamnati, shi ne kuma ya kai mu ga 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960.

Akwai abin da ake yawan tsallakewa idan an yi baƙo, ni kuwa ba zan tsallake shi a gabanka ba. Ba da baki ɗaya aka iso wurin ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, Jibo Bakari, wanda ke jagorantar gwamnati a lokacin, ya ce a jefa "a'a", a rabu da Faransa nan take. "I" ta yi rinjaye, ya sauka, a 1959 aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba, magoya bayanta da dama suka sha ɗauri ko gudun hijira. Har yau akwai gidaje a Maraɗi da Tawa da ba a gama wannan gardamar ba. A ganina, duka ɓangarorin biyu suna da haƙƙi a zauren nan, kuma yaran lakwal da ake kawo mana ziyara ya kamata su ji sunayen duka.

In ka ɗaga kai za ka ga tutarmu: ruwan lemo a sama, kore a ƙasa, fari a tsakiya da rana a cikinsa. Tun watan Nuwamban 1959 aka amince da ita, wato ta girmi 'yancin kan da 'yan watanni.

Yanzu, ranka ya daɗe, a sha ruwa tukuna. Daga nan mu shiga zaure, ka sa mana hannu a littafin baƙi. A tsakar gida kuma an haƙa rami, ga ɗan itace yana jiranka, don mu nan ranar 'yancin kai da dashen itace muke raya ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da imani, ya mayar da ku gida lafiya. Wassalamu alaikum.