Sharhi: Ƙarancin Ruwa A Jikin Masu Buga Futsal Don Nishaɗi

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya ratsa ƙananan filayen ƙwallo na haya da suka yawaita a Kano da Kaduna da Abuja, zai tarar da matasa, har da magidanta da suka taso daga kasuwa ko ofis, suna fafatawa 'yan biyar-biyar irin na futsal. Wasa ne da aka ƙirƙiro a birnin Montebidiyo na ƙasar Yurugai a 1930, ana buga shi a fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 20. Ƙanƙantar filin ce take ruɗar mutane, alhali a cikinsa babu wanda yake samun sararin tsayawa, kuma kafin a cika minti ashirin na zagayen farko riga ta jiƙe sharaf.

Wannan zufa ruwan jiki ne da gishirinsa suke fita. Masana lafiyar wasanni sun tabbatar cewa da zarar mutum ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar zufa, ƙarfinsa da natsuwarsa za su fara raguwa, wato ƙasa da lita ɗaya da rabi ke nan ga mai nauyin kilo 70, kwatankwacin ruwan leda uku. Daga nan sai ciwon kai da jiri da ɗaurewar tsoka, idan abin ya ta'azzara kuma ya taɓa ƙoda, ko zafi ya yi wa jiki yawa har mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Abin da ya fi damun mu shi ne, ƙwararren ɗan wasa yana da likita da mai horarwa da ke lura da shi, amma wanda ya haɗa kuɗi da abokansa suka kama fili na awa ɗaya ba shi da kowa sai abin da ya sani. Da yawa suna wuni cikin zafin bazara da kan haura digiri 40, su shiga fili jiki a bushe, wasu ma sun yi imani cewa shan ruwa ana tsaka da wasa yana sa nauyin jiki. Kurɓa kaɗan-kaɗan ba ta hana gudu.

Ilimin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. A koya wa ɗan wasa ya sha kimanin rabin lita awa uku zuwa huɗu kafin wasa, ya riƙa kurɓa duk lokacin da aka canja shi, tunda dokar futsal ba ta ƙayyade yawan canji ba. A nuna masa yadda zai duba fitsarinsa: idan ya yi duhu kamar shayi, jiki na neman ruwa. Wanda ya auna nauyinsa kafin wasa da bayansa, ya mayar da kusan lita ɗaya da rabi a kan kowane kilo da ya ragu, sannu a hankali, tare da abinci mai ɗan gishiri, domin ɗura ruwa zalla fiye da kima shi ma yana da haɗari.

Muna kira ga masu filayen nan da su ajiye tsabtataccen ruwa da sikeli a bakin fili, su manna hoton launukan fitsari a makewayi, ma'aikatan lafiya na unguwanni kuma su je filin da kansu su yi bayanin minti biyar kafin a take leda, musamman a watan azumi, lokacin da ake fitowa wasa jim kaɗan bayan shan ruwa.