Tallafin da ya iso bayan an rufe rajista, na wane ne?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Abin da ya tunzura sharhinmu na yau shi ne yadda jami'o'i da kwalejoji da dama ke tinƙaho da asusun agajin gaggawa na ɗalibai, amma da ɗalibi ya je nema sai a miƙa masa tarin takardu. Ya kawo shaidar samun iyayensa, ya kawo wasiƙar shugaban sashe, sannan ya jira kwamiti ya zauna. Kwamitin kuwa sai ƙarshen wata. Kafin nan an rufe rajista, an cire sunansa daga jerin masu rubuta jarrabawa. Wannan ai ihu ne bayan hari.

Su wane ne ke ƙwanƙwasa wannan ƙofa? Yarinya ce 'yar ajin ƙarshe, mahaifin da ke biya mata ya kwanta asibiti, ɗan abin da aka ajiye ya tafi wajen magani. Saurayi ne mai aikin dare don biyan kuɗin ɗaki, an sallame shi, ga kwamfutarsa ta mutu ana saura mako biyu ya miƙa kundin bincikensa. Shekara uku suna fama, abin da ya tsaya musu ɗan ragowa ne, bai kai kaso ɗaya cikin goma na abin da aka riga aka kashe a kansu ba. A kan wannan ragowar za a bar su su koma gida?

Kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa. A 2011 Jami'ar Jihar Jojiya da ke birnin Atlanta a Amurka ta lura cewa kowane zango tana korar ɗalibai masu ƙoƙari saboda ɗan bashin kuɗin makaranta. Sai ta fara biya musu, kimanin dala 900 ga kowane ɗalibi, kyauta ba rance ba. Ku saurari abin da ya fi muhimmanci: ɗalibin ba ya ma cike takardar nema. Ma'aikata ne ke duba bayanan da ke hannunsu, su ga wanda ke dab da kammalawa kuma kuɗi ya tare shi, su cike masa gibin kafin ranar kora. Mafi yawansu sun kammala, jami'ar kuma ta ci gaba da karɓar kuɗin zangunan da suka rage musu. Haka a watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, majalisar dokokin Amurka ta ware kusan dala biliyan 14 ga manyan makarantu, da sharaɗin aƙalla rabi ya shiga hannun ɗalibai kai tsaye.

Za a ce ai wasu za su yi ƙarya su karɓe. Za a samu, ba na musu. To amma makaranta ta san makin ɗalibinta, ta san zuwansa aji, ta san bashin da ke kansa har zuwa ɗigon ƙarshe. Wace hujja ta fi wannan? Don tsoron maƙaryaci ɗaya a wahalar da mabuƙata masu yawa, haba! Kuma mai kunya, wanda sau da yawa shi ya fi shiga matsi, shi ne zai fara janyewa idan aka ce ya tsaya gaban mutum biyar ya tona asirin gidansu.

Shugabannin makarantu, maganar taku ce. Ku ba jami'i ɗaya ikon amincewa da ƙaramin tallafi cikin kwana biyu, kwamiti ya duba lissafi daga baya. Ku sanar da ɗalibai cewa asusun yana nan tun ranar da suka shigo, domin da yawa ba su ma taɓa jin labarinsa ba. Sannan duk ɗalibin da ya nemi agaji, a dakatar da cire sunansa daga jarrabawa har sai an ba shi amsa.