Sharhi: Wa Ke Bayan Ƙofa Tare Da Ɗanka?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo harkar ƙwallon yara, kuma ta kai ni maƙura. Ƙaramin kulob na unguwa ya ci wasa, ko wata makarantar koyon ƙwallo ta ɗauki kofi, sai wani babba ya zaro waya ya kutsa inda yaran ke tuɓe kaya. Ga ɗan shekara 12 daga shi sai ɗan kamfai, ga wani yana kare jikinsa da jesi, ana ihu ana tsalle, mai waya yana ta ɗauka. Kafin magariba bidiyon ya hau TikTok da Facebook, ya zagaye zaurukan WhatsApp. Wa ya tambayi yaron? Wa ya tambayi mahaifiyarsa? Babu. Wai murna ake yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba bidiyon ba ne. Babban mutum ya shiga inda yaro yake a tuɓe, ba sallama ba neman izini, kuma duk wajen babu wanda ya ga laifinsa. Wanda ya shiga yau cikin taro ba a ce masa komai ba, gobe zai iya shiga shi kaɗai ya turo ƙofa, ba kuma wanda zai ce masa komai. Saboda haka magana ɗaya na zo da ita, zan kuma yi ta maimaita ta har ta gundure ku: kada a bar babba shi kaɗai da yaro a bayan rufaffiyar ƙofa. Ko wane ne shi.

Ingila, ƙasar da muke kwana muna kallon gasarta, ta koyi wannan darasi da hawaye. A watan Nuwamba na 2016 wani tsohon ɗan wasa, Andy Woodward, ya fito a jaridar Guardian ya bayyana yadda kocinsa Barry Bennell ya riƙa lalata da shi tun yana yaro a kulob ɗin Crewe Alexandra. Maganarsa ta buɗe bakin ɗaruruwan mutane da suka yi shekaru suna haɗiye abin. A 2018 kotu ta yanke wa Bennell ɗaurin shekara 30, a kurkuku kuma ya mutu a 2023. Rahoton bincike kan lalata da yara a ƙwallon Ingila da lauya Clive Sheldon ya fitar a watan Maris na 2021 ya ambaci aƙalla mutum 240 da ake zargi da kuma mutum 692 da aka cutar, ya kuma ce hukumar ƙwallon Ingila ta yi jan ƙafa wajen kare yara tsakanin 1995 da 2000. Bennell ba ɓarawo ba ne da ya hauro katanga. Fitaccen mai gano hazikan yara ne, iyaye da hannunsu suke miƙa masa 'ya'yansu su kwana a gidansa, domin shi ke riƙe da hanyar zama ɗan wasa.

Na san abin da wani zai ce yanzu: ai wannan lalacewar Turawa ce, mu muna da addini, muna da kunya. A ajiye wannan magana gefe. A Mali, ƙasar Musulmi, aka kama kocin 'yan matan ƙwallon kwando na ƙasa 'yan ƙasa da shekara 19, Amadou Bamba, a 2021, bayan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fallasa koken 'yan wasa. A ƙarshen wannan shekarar aka kama Patrick Assoumou Eyi a Gabon, tsohon kocin ƙwallon ƙafa na yara 'yan ƙasa da shekara 17, bisa zargin lalata da yaran da ke hannunsa. Kunyar da muke taƙama da ita, sau da yawa ita ce ke ɗaure bakin yaro ya kasa faɗa wa kowa, mai ɓarna kuma ya san haka sarai.

Mu duba yadda abin yake a wajenmu. Yawancin filayen da yaranmu ke atisaye ba su da ɗakin canza kaya ko ɗaya. A bayan mota ake tuɓewa, ko a gindin bishiya, ko a wani ajin makaranta da tagarsa ta karye, ko kuma, wanda ya fi muni, a ɗakin koci. In an tafi gasa wani gari, yara goma a ɗaki ɗaya, 'yan shekara 11 da 'yan shekara 17 a cakuɗe, koci ya ce wane ya zo ɗakinsa ya kwana saboda wuri ya yi kaɗan. Yaro ya ji ciwo a cinya, a ce ya tsaya bayan kowa ya watse a yi masa tausa. Wannan yaron ya san koci ne ke rubuta sunan wanda zai buga gobe, shi ne ya yi alkawarin haɗa shi da wanda zai kai shi Turai, watakila ma shi ya saya masa takalmin da ke ƙafarsa. Ta ina zai ce a'a?

Kuma ba manya kaɗai ba. Manyan yara ma suna cin zalin ƙanana a irin wannan wuri, da tsokana kan jiki, da ɗaukar hoto a ɓoye, da abin da ya wuce haka. Shi ya sa ba zan ce a kulle yara su kaɗai a yi tafiya ba. A nan ne ake buƙatar hankali, domin yaro yana da haƙƙin sutura, yana kuma da haƙƙin kulawa, ba a sayar da ɗaya don sayen ɗaya. Manya biyu su tsaya a bakin ƙofa daga waje, inda za su ji motsi ba tare da sun ga tsiraici ba. In dole sai an shiga, a ƙwanƙwasa, a yi sallama, a jira yara su kimtsa, a shiga su biyu. 'Yan mata, mata ne za su kula da su. Babba kada ya tuɓe ko ya yi wanka tare da yara. A raba ƙanana da manya, ko da ta hanyar ba kowane rukuni lokacinsa ne. Waya kuwa, ta koci ce, ta shugaban kulob ce, ta ɗan jarida ce, ta yaran ce, a bakin ƙofa za ta tsaya. Yaron da ya ce shi a gida zai canza kaya, a ƙyale shi, kada a mai da shi abin dariya. Tausa da duba rauni a yi su a inda wani zai iya gani, ya kuma iya shigowa.

Wai babu kuɗi. Nawa ake sayen sallama? Nawa ake kashewa wajen cewa yara su zo filin da jesinsu a jiki tun daga gida? Labulen buhu da sanduna huɗu sun isa su suturta yaro. Kulob ɗin da ke karɓar kuɗin rajista daga iyaye duk wata ba shi da bakin kawo wannan uzuri.

Ga masu horarwa da za su ji haushi su ce ana zarginsu: na san da yawanku don Allah kuke yi, daga aljihunku kuke sayen ƙwallo da ruwan sha, kun tsamo yara da dama daga shaye-shaye da daba. Wannan ƙa'ida ku take karewa. Kocin da bai taɓa kaɗaita da yaro ba, babu mai iya yi masa sharri. Wanda ya dage sai an bar shi shi kaɗai da yaro, to shi ya kamata a tambaya dalili.

Abin takaicin shi ne, ba baƙon abu ake kawo mana ba. Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga, har a cikin gida ɗaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana namiji kallon al'aurar namiji, ya hana mace kallon al'aurar mace, ya ce a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma. A gida muna kiyayewa. Me ya sa da an isa filin ƙwallo sai a manta?

Doka ma tana nan. Najeriya na da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta haramta yaɗa hotunan batsa na yara. FIFA ta fito da shirinta na kare yara mai suna FIFA Guardians a 2019. Shin ya sauko daga ofisoshin Abuja ya iso filin unguwa? Ina shakka ƙwarai. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, da hukumomin ƙwallo na jihohi su sa sharaɗi: duk makarantar ƙwallon da ba ta da rubutacciyar ƙa'ida kan wurin canza kaya da masaukin tafiya, ba ta kuma da wani mutum, ban da koci, wanda yaro zai kai wa kuka, kada a yi mata rajista, kada ta shiga gasa.

Ku kuma iyaye, ba sai kun jira hukuma ba. Alhaji, Hajiya, gobe in yaronku ya ɗauki takalminsa, ku bi shi filin. Ku gaisa da koci cikin mutunci, sannan ku tambaye shi: a ina yara ke canza kaya, wa ke tsayawa a wajen, in an yi tafiya wa ke kwana da wa? In amsar ita ce shi kaɗai ne, ku ce masa daga yau sai an ƙara mutum na biyu, in ba haka ba yaronku ba zai dawo ba.