Kuɗin Umara da Hajjin Jirgin Yawo: Hannun Wa Suke Bi, Wa Za Ka Kama Idan Tafiya Ta Lalace?

Assalamu alaikum, masu kallonmu.

Da zarar watan Sha'aban ya kama, ofisoshin kamfanonin tafiye-tafiye a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri sukan cika da masu neman Umarar azumi. A miƙa wa mutum takarda mai hoton Ka'aba da farashi kala uku, ya zaɓi ɗaya, ya tura miliyoyin naira. Amma wanda ya karɓi kuɗin nan ba shi da jirgi, ba shi da otal a Makka, kuma ba shi yake buga biza ba. Aikinsa harhaɗawa ne: ya sayo kujera daga kamfanin jirgi, ya kama ɗaki a wajen mai otal, ya nemo biza ta hannun wani kamfani na can Saudiyya, ya ɗora ribarsa ya sayar maka a dunƙule. Kowanne daga cikin ukun nan yana da takardar da ke tabbatar da shi, kuma yana da mai sa ido a kansa. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara raba hukuma da ƙungiya, don a nan mutane suka fi ruɗewa. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda dokar 2006 ta kafa, ita ke ba kamfani lasisin kai mutane Hajji da Umara, ita kuma ke iya ƙwace shi. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ita ke yi wa masu sayar da tikiti rajista. Rajistar CAC kuwa shaida ce kawai cewa kamfanin yana nan a takarda, mai sayar da siminti ma yana da irinta. A Jamhuriyar Nijar hukumar COHO ce ke riƙe da harkar Hajji da Umara.

Ƙungiyoyi daban ne, 'yan kasuwar ne da kansu suka haɗu. NANTA, wadda aka kafa a 1973, ta masu kamfanonin sayar da tikiti ce. AHUON ta masu kai mutane Hajji da Umara ce, wato waɗanda muke kira kamfanonin jirgin yawo. Akwai kuma FTAN, uwar ƙungiyar da ta tattara masu otal da masu yawon buɗe ido da sauransu. Ƙungiya ba ta ba da lasisi. Don haka idan ka ga takardar zama ɗan ƙungiya a rataye a bangon ofis, alama ce mai kyau, amma sai ka ƙara da cewa: “Alhaji, ina lasisin NAHCON na bana?” Na bana fa, domin lasisin sabunta shi ake yi, kuma hukumar takan fitar da jerin sunayen kamfanonin da ta amince da su. Sunan da ke cikin jerin shi ya kamata ya zama sunan asusun bankin da za ka tura wa kuɗi.

To, tikiti. Sama da kamfanonin nan akwai IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, da aka kafa a 1945. Kamfanin da IATA ta tantance yana iya fitar da tikitin jirage da dama daga kwamfutarsa, ta manhajoji irin su Amadeus da Sabre da Galileo. Ba nan take yake biyan kamfanin jirgi ba. Akwai tsarin tattara kuɗi da ake kira BSP: ana lissafa duk tikitin da ya sayar, ya zuba kuɗin a ranar da aka yanka masa, IATA ta rarraba wa masu jirage. Kafin a ba shi wannan dama sai ya ajiye jingina ko takardar lamuni daga banki. Ranar da ya kasa biya, ana rufe masa damar fitar da tikiti. Ƙananan ofisoshi da yawa ba su da wannan tantancewa, a wajen manya suke sari. Wannan ba laifi ba ne, haka kasuwar take. Sai dai kuɗinka ya ƙara bi ta hannu ɗaya, kuma idan babban ya samu matsala da BSP, ƙaramin ma ya tsaya cik.

Ga abin da ya fi cin mutane. Kama kujera daban, sayen tikiti daban. Idan an kama maka kujera, kwamfuta tana ba da lamba mai haruffa da alƙaluma 6, ana iya buga maka ita a takarda mai sunanka da ranar tashi da lambar jirgi, ta yi kyau ƙwarai. Amma kujerar tana da wa'adi, wani lokaci kwana ɗaya zuwa uku, idan ba a biya ba kwamfuta ta sake ta da kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma ukun farko na kamfanin jirgin ne: 065 na Saudia, 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 157 na Qatar Airways. Ka ɗauki lambar nan mai 6 da sunan ƙarshe da ke fasfonka, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka ga ko lamba mai 13 ta fito. Ka sake dubawa saura kwana biyu tafiya, domin ana iya soke tikiti a ranar da aka fitar da shi, bayan an riga an turo maka hotonsa a WhatsApp. Ka kuma duba dawowa. An sha ganin ayarin da aka biya musu tafiya, aka bar dawowar a kame kawai da fatan kuɗin wasu maniyyatan zai shigo, sai ga mutane zube a filin jirgin Jidda bayan Sallah. Sunanka ma ya zo harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wajen kwamfuta, kuma gyara yana da tara.

Idan ayari ne, ka'idar ta ɗan bambanta. Kamfani yakan kama kujeru 40 ko 50 da kafin alƙalami, ba tare da sunaye ba, sai a ba shi ranar cika kuɗi da ranar miƙa sunaye. Shi ya sa mai kamfani na gaskiya yake matsa maka ka kawo fasfo da wuri. Idan ranar ta wuce, kujerun sun tafi, kafin alƙalamin ma sau da yawa ya tafi.

Me ya sa farashi ke sauyawa bayan an gama magana? Kana biya da naira, shi kuwa mai kamfani da riyal da dala yake biyan kusan komai. Riyal a ɗaure take da dala, 3.75 kan dala ɗaya, saboda haka duk motsin da dala ta yi a nan, otal ɗin Makka ya motsa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A Maris ɗin 2024 NAHCON da kanta ta nemi maniyyatan jihohi su yi cikon kusan naira miliyan 1.9 kowanne. A ƙaddara Umara ta dala 2,000: idan dala ta ƙara naira 100, gibin mutum ɗaya naira 200,000 ne, na mutum 50 naira miliyan 10. Kamfanin da ya karɓi naira ya ajiye ta wata biyu bai canza ba, shi ne yake dawowa yana neman ciko, ko ya yi shiru ya sauya maka otal. Don haka yarjejeniya ta faɗa ƙarara: farashin a kulle yake daga ranar da ka cika kuɗi, ko kuwa yana bin canji?

A wannan fage ne aka ga amfanin ƙungiya. A 2022 da 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har IATA ta ce ya haura dala miliyan 800. Kamfanonin suka rufe kujeru masu araha ga masu saye da naira, Emirates ta dakatar da zuwa a ƙarshen 2022, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Ƙaramin ofishi ɗaya a Kano ba shi da bakin da zai tunkari Babban Banki ko manyan kamfanonin jirage. NANTA ce ta riƙa kai kuka gaban gwamnati da hukumomi a kan rufe kujerun. Haka AHUON take zama da NAHCON a kan rabon kujeru da kuɗin ajiyar da kamfanoni ke bayarwa da kuɗaɗen da ya kamata a mayar musu. Amma a faɗi gaskiya, an kafa ƙungiyoyin nan ne don kare mambobinsu. Kare matafiyi yana biyo baya ne, saboda ba sa son ɓata-gari su zubar wa sana'ar mutunci.

Sai masauki. Kalmar “kusa da Harami” ba ta da ma'auni, kada ka yarda da ita. Ka nemi sunan otal, ka duba shi a taswirar waya. A Makka, otal-otal na hasumiyar agogo da farkon titin Ajyad da farkon titin Ibrahim Khalil su ne ake fita a taka zuwa masallaci. Can cikin Misfala, ko Kudai, ko Aziziyya, sai da mota, kuma a goman ƙarshe ana rufe hanyoyin da ke kusa da Harami saboda cunkoso, motar ta sauke ka a tasha ka ƙarasa da ƙafa. Mita 800 a takarda ba komai ba ce, amma ga Hajiya mai ciwon gwiwa, da azumi a baki, sau biyar a rana, wani lokaci ga hawa tudu, ita ce za ta sa ta koma yin salla a ɗaki. A Madina ka tambaya ko otal ɗin yana cikin Markaziyya, wato yankin da ke kewaye da Masallacin Annabi. Ka tambayi gado nawa ne a ɗaki, domin farashin da ake tallatawa yawanci na mutum huɗu ne, wani wurin ma a ƙara gado na biyar. Ka tambayi abinci: da buɗe-baki da sahur, ko babu? Sannan ka kula da jimlar nan da ake saƙalawa a ƙasan takarda, “ko makamancinsa”. Da ita ake ɗauke mutum daga otal ɗin da ya gani a hoto. Idan dole ta zauna, a rubuta sunan otal na biyu. Takardar da kamfani ya buga da tambarinsa ba ita ce shaida ba, lambar tabbatarwa daga otal ɗin ita ce. Tsakanin Makka da Madina kuma tafiyar sama da kilomita 400 ce: bas ne, ko jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018? A rubuta.

Bizar Umara tana fitowa ne ta hannun kamfanin Saudiyya mai lasisin Ma'aikatar Hajji da Umara, wanda kamfaninka na gida ya ƙulla yarjejeniya da shi. Daga Yunin 2025 ma'aikatar ta shar'anta a fara tabbatar da masauki a dandalinta na intanet, Nusuk Masar, kafin a ba da biza. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, katin allurar shawara da ta sanƙarau su kasance a hannu. Shiga Rauda a Madina sai da izini ta manhajar Nusuk. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa ya shiga sahun 'yan takari, ba kansa kaɗai ya jawo wa ba, ana cin kamfanin da ya kawo shi tara, abin da ya sa wasu kamfanoni suke neman mai tsaya wa matashi kafin su karɓi fasfonsa.

Hajji kuwa ba ya karɓar dabara. A 2023 Saudiyya ta ba Najeriya kujeru 95,000, aka ware 75,000 ga hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, 20,000 ga kamfanonin jirgin yawo. Bayan nan Saudiyya ta rage yawan kamfanonin da take hulɗa da su kai tsaye, ƙanana suka koma ƙarƙashin manya masu jagoranci, don haka ka tambayi kamfaninka ƙarƙashin wa yake. Duk wanda ya ce zai kai ka Hajji da bizar ziyara a rabin farashi, ka tashi daga ofishinsa. Ba ka da tanti a Mina, ba ka da wuri a Arfa, ba ka da mota, ba ka da katin Nusuk da jami'ai ke tambaya a hanya. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya ce kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji, sun yi ta tafiya a rana babu inuwa. Masar ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 a kan haka. A 2025 tarar mai Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, da kora da hana shiga ƙasar na shekara 10, wanda ya shirya masa kuma har riyal 100,000.

Idan duk da haka tafiya ta lalace, kowane kuka da ƙofarsa. Rigimar masauki ko biza ko kujerar Hajji da kamfani mai lasisi, NAHCON za ka nufa, domin kuɗin ajiyar kamfanin yana hannunta, lasisinsa ma haka. Soke tashin jirgi, jinkiri, ɓatan kaya da mayar da kuɗin tikiti, sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA. Hukumar FCCPC tana karɓar koken masu saye gaba ɗaya. Reshen NANTA ko AHUON na yankinka yana iya kiran mambansa a zauna sulhu, sau da yawa ma hakan ya fi sauri, domin mai kamfani ba ya son a tattauna sunansa a gaban abokan sana'a. Iyakar hukuncin ƙungiya dakatarwa ko kora, ba ta da ikon ƙwato maka kuɗi da ƙarfi. Idan kuwa ɗan kamasho ne ya karɓa a asusunsa na kansa, babu lasisi, babu rasit, to magana ta koma ta 'yan sanda ko EFCC da kotu. Duk inda za ka, abu huɗu za a nema a hannunka: rasit mai sunan kamfani, shaidar tura kuɗi daga banki, yarjejeniyar da ta ambaci otal da jirgi da ranaku, da saƙonnin da kuka yi musaya da ranakunsu. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa wani ɗan'uwa a gida kafin ka hau jirgi.